Rafael Nadal da jar ƙasar Roland Garros: yaya aka yi mutum ɗaya ya ci kofi 14?

Sabon Mai Kallo:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ban daɗe da fara bin wasan tanis ba, domin sai a shekarar 2022 na fara zama ina kallon wasa tun daga farkonsa har ƙarshensa, kuma a lokacin Rafael Nadal ya riga ya manyanta, yana fama da ciwon ƙafa. Da na koma ina duba tarihinsa, sai na ci karo da abin da ya ɗaure mini kai. An rubuta cewa ya ci gasar Roland Garros ta Faransa sau 14, kuma a cikin wasanni 116 da ya buga a wannan gasa, huɗu kaɗai aka doke shi. Na san cewa a zamaninsa ne Roger Federer da Novak Djokovic suka yi tashe, waɗanda kowa ya yarda suna cikin gwanayen da ba a taɓa yin irinsu ba, saboda haka ba za a ce ya sami fili ne babu kowa ba.

Tambayata kashi biyu ce. Na farko, mene ne a cikin jar ƙasa da ya dace da salon wasansa har ya gagari kowa na kusan shekara ashirin? Ni dai a idona filin tanis duk ɗaya ne, raga a tsakiya da fararen layuka, sai dai bambancin launi. Na biyu, wani abokina ya dage cewa Nadal ɗan wasan jar ƙasa ne kawai, wai idan aka cire kofunan Faransa babu abin da zai sa a ambace shi tare da Federer da Djokovic. Na kasa ba shi amsa, shi ya sa na kawo maganar gaban waɗanda suka riga ni sanin wasan.

Tsohon Mai Horarwa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara da filin, domin a nan ne rabin amsar take.

Abin da ake kira jar ƙasa a Roland Garros garin jan bulo ne da aka niƙa, aka shimfiɗa shi siriri a kan farar ƙasa mai tauri. Idan ƙwallo ta sauka a kansa, garin yana riƙe ta kaɗan, sai gudunta ya ragu, ta kuma yi tsalle sama. A kan ciyawar Wimbledon akasin haka ne ke faruwa, ƙwallo tana sulɓewa ƙasa-ƙasa da sauri, har mai ƙarfin bugun buɗe wasa ya iya cin maki ba tare da abokin karawarsa ya taɓa ta ba. A jar ƙasa kuwa bugun da zai kashe magana a wani fili sai ka ga an dawo maka da shi, ka sake bugawa a sake dawo maka da shi, har maki ɗaya ya ɗauki bugu ashirin ko fiye. Wanda ya fi juriya da haƙuri da iya zamiya a kan garin nan shi ne ke da riba.

To, sai ka ɗora bugun Nadal a kan wannan. Idan ka samu tsohon wasansa, ka rage gudun hoton ka lura da hannunsa na hagu. Yana taso da raket daga ƙasan ƙwallo ya shafe bayanta zuwa sama da ƙarfi, kuma sau da yawa maimakon raket ɗin ya ƙare a ɗaya kafaɗar kamar yadda ake koya wa yara, sai ya zagaya saman kansa kamar mai wulwula igiya. Wannan shafar ita ce ke sa ƙwallon ta riƙa juyawa gaba da matuƙar sauri, ta wuce can saman raga, sannan ta faɗo cikin fili kwatsam. Da ta taɓa garin bulo sai ta zabura zuwa kafaɗar abokin karawa, wani lokaci har kusa da kunnensa. Duk wanda ya taɓa riƙe raket ya san cewa ƙarfin hannu yana tsakanin ƙugu da ƙirji ne, kuma ƙwallon da ta haura kafaɗa sai dai ka tura ta kawai, ba ka iya kai hari da ita.

Kasancewarsa mai buga wasa da hagu ya ƙara wa abin muni. Bugunsa mafi ƙarfi, idan ya ratsa fili a karkace, kai tsaye yake zuwa ɓangaren bayan hannu na mai buga wasa da dama, wato ɓangaren da ya fi rauni ga yawancin 'yan wasa. Federer da hannu ɗaya yake buga wannan ɓangaren, bugu mai kyan gani ƙwarai, amma ba a yi shi don ƙwallon da ke tashi sama da kafaɗa ba. Sau shida suka haɗu a Roland Garros, sau shida Nadal ya yi nasara. Haɗuwarsu ta farko a can ita ce wasan kusa da na ƙarshe na 2005, ranar 3 ga Yuni, ranar da Nadal ya cika shekara 19, kuma wannan ne karonsa na farko a gasar, domin rauni ya hana shi zuwa a 2003 da 2004. Mafi zafi ita ce ta wasan ƙarshe na 2008, inda ya doke Federer da ci 6-1, 6-3, 6-0, alhali Federer ne na ɗaya a duniya a lokacin. Na kalli wannan wasan, kuma zuwa turmi na uku tausayin Federer nake ji.

Akwai abubuwa biyu kuma da ba a cika ambata ba. Babban filin gasar, wanda ake kira Philippe-Chatrier, yana da sarari mai faɗi a bayan layin ƙarshe, kuma Nadal yakan ja da baya sosai lokacin karɓar bugun buɗe wasa, har ya kusa kai wa ga masu kula da layi, don ya sami lokacin sakin hannunsa gaba ɗaya. Sannan a manyan gasa huɗu, wato ta Ostareliya da ta Faransa da Wimbledon ta Ingila da ta Amurka, maza suna buga wasa ne har sai ɗaya ya ci turmi uku cikin biyar. Kana iya yi masa ba-zata na awa ɗaya ka ci turmi guda, amma riƙe wannan matakin na awa uku ko huɗu, ƙwallo tana ta dukan kafaɗarka, shi ne ya gagari mutane. A duk tsawon shekarunsa a gasar sau uku kaɗai aka kai shi turmi na biyar, John Isner a 2011, Djokovic a 2013, da Félix Auger-Aliassime a 2022, kuma duka ukun shi ya ci. Sau huɗu ya ɗauki kofin ba tare da ya rasa turmi ko ɗaya ba, wato 2008 da 2010 da 2017 da 2020. Wasan ƙarshe kuwa sau 14 ya kai, bai taɓa faɗuwa a cikinsa ba. Kafin shi, Björn Borg ne ake gani ya kai maƙura da kofi shida.

Waɗanda suka doke shi su uku ne: Robin Söderling a 2009, Djokovic a 2015 da 2021, sai Alexander Zverev a zagayen farko na 2024, lokacin da jiki ya riga ya ƙi. Idan ka lura, dukansu dogaye ne ko masu buga bayan hannu da hannu biyu da ƙarfi, waɗanda ke iya taka ƙwallon tun kafin ta gama tashi.

Hajiya Mai Bin Gasa:

Malam ya yi bayanin fili da hannu yadda ya kamata, ni kuma ina so in ƙara maganar gidan da ya fito, domin a ganina ba za a fahimci juriyar ba sai an san wanda ya dasa ta.

An haifi Nadal a 1986 a garin Manacor da ke tsibirin Mallorca na ƙasar Sifaniya, cikin dangi masu wasanni. Ɗaya daga cikin 'yan'uwan mahaifinsa, Miguel Ángel Nadal, ya buga wa Barcelona da tawagar ƙasar ƙwallon ƙafa, ko da yake shi Rafael ya tashi yana goyon bayan Real Madrid. Ɗayan kuma, Toni Nadal, shi ne ya fara miƙa masa raket tun yana ƙaramin yaro, ya kuma ci gaba da horar da shi har ƙarshen 2017. Baffa ne mai tsauri. Shi Rafael ne ake sa wa ya tsince ƙwallaye ya share fili bayan an tashi horo, kuma Toni yakan sa shi atisaye da ƙwallayen da suka lalace a filin da ba shi da kyau, don ya saba da cewa ba a ɗora wa kayan aiki laifin rashin nasara. An kuma hana shi jefar da raket cikin fushi tun yana yaro, shi ya sa duk tsawon shekarunsa ba a gan shi ya karya raket a fili ba, abin da ba za a iya faɗa game da manyan abokan hamayyarsa biyu ba.

Game da hannun hagu, gyara kaɗan nake so in yi wa labarin da ke yawo. Gaskiya ne da dama yake rubutu da sauran al'amuransa. Amma yana ƙarami da hannu biyu yake buga kowane ɓangare, kuma da lokaci ya yi da zai zaɓi hannu ɗaya sai aka ga hagun ya fi ƙarfi, kamar yadda da ƙafar hagu yake buga ƙwallon ƙafa. Toni da kansa ya musanta cewa dabara ce ya shirya tun farko don ya wahalar da masu buga wasa da dama.

Abin da ya fi burge ni shi ne shawarar da iyayensa suka yanke yana ɗan shekara 14. Hukumar tanis ta ƙasar ta nemi ya koma Barcelona don ya samu horo mai zurfi, iyalin suka ƙi, suka ce a gida zai zauna ya ci gaba da karatunsa tare da baffansa. A tsibirin ya ci gaba da zama har ya yi ritaya, a nan ya buɗe makarantar horar da 'yan wasa a 2016, kuma da ambaliya ta afka wa wani gari kusa da nasu a 2018 an gan shi da dogayen takalman roba yana kwashe laka tare da jama'a. Carlos Moyá, wanda shi ma ɗan Mallorca ne kuma ya taɓa zama na ɗaya a duniya, yana atisaye da Nadal tun Nadal yana yaro, daga baya kuma ya zama mai horar da shi.

Ka kuma lura da kwalaben ruwansa idan kana kallon tsofaffin wasanni. Duk lokacin da aka zauna hutu zai kurɓi kowace, ya ajiye su a gaban kujerarsa ɗaya a bayan ɗaya a karkace, ya juya su har sai sun fuskanci inda yake so. Mutane sun sha yi masa dariya suna cewa camfi ne, shi kuma ya ce hanya ce ta tattara hankalinsa wuri ɗaya. Ni na yarda da shi, domin ko ya ci ko an ci shi, haka yake ajiye su.

Mai Lissafi:

Ni zan ɗauki tambaya ta biyu, kuma ba zan goyi bayan kowa ɗari bisa ɗari ba, domin abokin naka yana da 'yar gaskiya a hannunsa, sai dai ya ja ta ta wuce inda ta tsaya.

Nadal ya ci manyan kofuna 22. Idan ka cire 14 na Faransa, saura takwas: biyu a Ostareliya, a 2009 da 2022, biyu a Wimbledon, a 2008 da 2010, da huɗu a Amurka, a 2010 da 2013 da 2017 da 2019. Takwas ɗin nan kaɗai sun kai abin da Andre Agassi ko Jimmy Connors ko Ivan Lendl kowannensu ya tara a duk rayuwarsa ta wasa, kuma sun fi na John McEnroe, wanda ya tsaya a bakwai. Yana ɗan shekara 24 ya riga ya ci dukan manyan gasa huɗu. Ya kuma ci zinaren Olamfik na 'yan wasa ɗaiɗai a Beijing a 2008, a kan daɓe. Wasan ƙarshe na Wimbledon na 2008 kuwa, wanda mutane da yawa ke ɗauka a matsayin mafi kyawun wasan tanis da aka taɓa yi, a gidan Federer aka buga shi, domin Federer ya ci kofin sau biyar a jere kafin nan. Ruwan sama ya katse wasan, aka kai kusan awa biyar ana fafatawa, aka ƙare da 9-7 a turmi na biyar duhu ya riga ya fara rufe fili. Mutumin da ya yi wannan ba za a kira shi ɗan jar ƙasa kawai ba.

Inda abokinka yake da gaskiya shi ne a rufaffen fili mai daɓe, inda babu iska babu rana kuma ƙwallo ba ta tashi sama. Gasar ƙarshen shekara ta manyan 'yan wasa takwas bai taɓa cin ta ba, sau biyu ya kai wasan ƙarshe, a 2010 da 2013, aka doke shi. Haka kuma tsakanin 2012 da 2017 bai wuce zagaye na huɗu a Wimbledon ba, kuma waɗanda suka fitar da shi, irin su Lukas Rosol da Steve Darcis da Dustin Brown, ba manyan sunaye ba ne. Daga cikin kofunansa 92 gaba ɗaya, 63 na jar ƙasa ne. A karawarsu ta kai tsaye ya fi Federer da 24 da 16, amma Djokovic ya ɗara shi da 31 da 29, kuma Djokovic ne ke da manyan kofuna 24.

Wani abin da nake ganin ba a ba shi muhimmancin da ya kamata shi ne 2011. A wannan shekara Djokovic ya doke shi a wasan ƙarshe sau shida a jere, har da biyu a jar ƙasa, a Madrid da Rum. Dalili kuwa shi ne bugun da ke kashe Federer bai dami Djokovic ba, domin bayan hannunsa na hannu biyu shi ne makaminsa mafi kyau. Kaye na bakwai a jere ya zo a wasan ƙarshe na Ostareliya a Janairun 2012, wanda ya ɗauki awa 5 da minti 53, har sai da aka kawo musu kujeru lokacin jawabin ba da kofi saboda ƙafafunsu sun kasa ɗaukarsu. Bayan wannan ne Nadal ya tilasta wa kansa sauya wasa, ya riƙa matsowa kusa da layi, yana kai hari da wuri, yana kuma yawan buga ƙwallo a miƙe maimakon a karkace. Nadal na 2017 zuwa 2022 ba irin wasan yaron 2005 mai guntun wando har ƙasan gwiwa da riga marar hannu yake yi ba.

Sabon Mai Kallo:

Na gode ƙwarai, Malam da Hajiya da ɗan'uwa Mai Lissafi, yanzu na sami abin da zan faɗa wa abokina. Saura abu ɗaya. Ana yawan cewa salon wasansa ne ya cinye jikinsa, wato gudun da yake yi a kan kowace ƙwallo shi ne ya jawo masa raunuka. Shin haka ne, ko akwai wani dalili daban?

Tsohon Mai Horarwa:

Salon ya taimaka, babu shakka, amma tushen matsalar ya riga salon. A ƙarshen 2005, shekarar da ya fara cin kofin Faransa, likitoci suka gano yana da wata lalura da ba a cika samu ba a wani ƙaramin ƙashi na tsakiyar ƙafarsa ta hagu, wadda ake kira cutar Müller-Weiss, inda ƙashin ke lalacewa sannu a hankali. Ba ta warkewa, kuma a lokacin an yi fargabar cewa wasansa ya ƙare yana ɗan shekara 19. Abin da ya cece shi shi ne shimfiɗa ta musamman da aka yi masa a cikin takalmi don ta ɗauke nauyi daga wannan ƙashin. Sai dai nauyin da aka ɗauke daga ƙafa dole ya sauka a wani wuri, kuma a gwiwoyi ya sauka. Ciwon gwiwa ne ya hana shi kare kofinsa na Wimbledon a 2009, shi ne kuma ya zaunar da shi kusan wata bakwai bayan Wimbledon na 2012. A nan ma jar ƙasa ta yi masa rana, domin ta fi daɓe taushi ga gaɓoɓi, kuma zamiya tana rage girgizar tsayawa kwatsam.

Shekarar da ka fara kallo, 2022, ita ce ta fi nuna wannan. Ya shafe kusan duk rabin ƙarshe na 2021 ba ya wasa saboda ƙafar, har an gan shi yana dogara sanduna, sannan ya zo Ostareliya a Janairu ya rasa turmi biyun farko ga Daniil Medvedev a wasan ƙarshe, ya dawo ya ci ukun da suka rage bayan awa 5 da minti 24. A Faransa kuma, kamar yadda shi da kansa ya bayyana bayan gasar, allura likitansa ke yi masa kafin wasa don a kashe jijiyar ƙafar, wato yana gudu ne a kan ƙafar da ba ya jin ta. A haka ya fitar da Djokovic a wasan da ya wuce ƙarfe ɗaya na dare, ya kuma doke Casper Ruud, wanda ya yi horo a makarantarsa ta Manacor, da ci 6-3, 6-3, 6-0, kwana biyu bayan ya cika shekara 36. Wata ɗaya bayan haka ya janye daga wasan kusa da na ƙarshe na Wimbledon saboda tsokar cikinsa ta yage.

Abin da ya kawo ƙarshe kuwa ƙugu ne. Ya ji rauni a Ostareliya a Janairun 2023, aka yi masa tiyata a watan Yuni, kuma a cikin wannan jinya ne ya fita daga jerin goma na farko a duniya bayan mako 912 a jere, tun Afrilun 2005. Ya dawo a 2024 amma ƙafafun ba su koma yadda suke ba, ya buga wasansa na ƙarshe a watan Nuwamba a gasar Kofin Davis a birnin Malaga, inda Botic van de Zandschulp na ƙasar Holan ya doke shi. A watan Mayun 2025 aka shirya masa bikin girmamawa a filin Philippe-Chatrier, Federer da Djokovic da Andy Murray suka fito suka tsaya tare da shi, sannan aka share garin bulo a gefen raga, sai ga wani farin allo da aka kafa a ƙasa ɗauke da sawun takalminsa da lamba 14.